Na'ura a Hannunmu, Lissafi a Gajimare: Abin da Ya Kamata Kowane Ejan Ya Sani

Jawabin da shugaban matasa ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na matasa da ejan-ejan na jam'iyya a garin Mashi

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan jam'iyya, shugabar mata da tawagarta, shugabannin mazaɓu, 'yan uwana matasa da kuka taso daga Doguru, Majigiri, Tamilo, Gallu da sauran sassan ƙaramar hukumarmu, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan na'urorin zamani masu haɗe da intanet, da kuma abin nan da ake kira kilawud, wato gajimare. Na san wani zai ce, mu da muka zo maganar zaɓe, me ya haɗa mu da gajimare, damina ce ta tsaya? To ɗan uwa, ka yi haƙuri ka saurara. Ƙuri'ar da kake tsayawa cikin rana kana gadi, da kuɗin da kake cirewa wurin mai POS, dukansu ta wannan hanya suke bi. Wanda bai san hanyar da kayansa ke bi ba, ranar da suka ɓata bai san inda zai fara cigiya ba.

MENE NE GAJIMAREN?

Bari mu fara cire ruɗani. Ba wani abu da ke rataye a sama. Abin da ake kira gajimare manyan gine-gine ne a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci jere a kan kantoci, ga na'urorin sanyaya ɗaki, ga wutar da ba a bari ta ɗauke ko na minti ɗaya, ga masu gadi dare da rana. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google ne suka fi kowa mallakar irin waɗannan gine-gine, suna ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin lissafi ga duk mai buƙata. Amazon ya fara wannan haya tun 2006, kuma cibiyarsa babba ta farko a Afirka a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya buɗe ta a 2020. A nan gida akwai irin waɗannan rumbuna a Legas, kuma kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da nasa a Abuja da Kano.

Me ya sa ake haya maimakon kowa ya sayi nasa? Ku dubi mai biki. Ba wanda ke sayen kujeru ɗari biyar da rumfuna saboda ɗaurin aure na yini ɗaya. Haya yake ɗaukowa, in jama'a sun fi yadda ya zata ya aika a ƙaro, in an watse ya mayar ya biya na abin da ya yi amfani da shi. Haka hukuma ko kamfani ke yi da gajimare. Ranar da aiki ya yi yawa a ƙara kwamfutoci cikin mintuna, ranar da ya ragu a rage.

Su kuma na'urorin da ake cewa masu wayo, ai muna tare da su. POS na nan a kowace kwana. Akwai solar nan ta biya-kaɗan-kaɗan da ake sa wa layin waya a ciki, in ka biya ta kawo wuta, in kwanakinka sun ƙare ta rufe kanta ba tare da wani ya tako gidanka ba. Akwai kamfanin Hello Tractor da ke liƙa wa tarakta wata 'yar na'ura, mai tarakta yana zaune a gida yana ganin inda motarsa take da yawan gonar da ta nome. Sai kuma wadda ta fi shafar mu a wannan zaure, na'urar BVAS ta hukumar zaɓe.

Duk waɗannan na'urori ƙanana ne, batirinsu kaɗan, ƙwaƙwalwarsu kaɗan. Aikinsu shi ne su gani, su auna, su aika. Babban littafin da ake rubuta komai, da lissafin da ke haɗa bayanan na'ura dubu ɗari wuri guda, yana can gajimare. Kamar yaron shago ne da ubangidansa. Yaro na tsaye a kanti yana hulɗa da jama'a, littafin bashi da na jari kuwa yana hannun maigida. Kuma daga can ne ake iya aiko wa dukan na'urorin sabon umurni a lokaci ɗaya, ko a rufe wadda aka sace.

Don haka ku riƙe abu uku a ranku: na'urar da ke hannu, hanyar da saƙo ke bi, da rumbun da yake sauka. In ɗaya ya samu matsala, sauran biyun ba su isa su kai saƙo ba.

HANYAR DA SAƘO KE BI

Ɗauki misalin ranar kasuwar Mashi. Ka miƙa wa mai POS kati, ka danna lambarka. Saƙon ya tashi daga layin da ke cikin na'urar zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya bi wayoyin da aka binne a ƙasa zuwa kwamfutocin kamfanin POS ɗin, su tuntuɓi bankinka ta hannun masu haɗa bankuna, banki ya duba asusunka ya amsa, amsar ta biyo hanya ta dawo, risit ya fito. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu. In tafiya ta yi kyau amma dawowa ta yanke, shi ne za ka ga alat ya shigo an cire maka kuɗi, na'ura kuma ta ce bai yi ba. Sai rigima ta tashi tsakaninka da yaron da ba shi da laifin komai. Mun ga irin wannan ba adadi a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da kowa ya koma tiransifa a lokaci guda hanyoyin suka cushe.

Wannan hanya tana iya yankewa a kusa, tana iya yankewa a nesa. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Faskari da Funtua, har zuwa watan Disamba. Mashi ba ta ciki, amma duk mai ɗan uwa a can ya san yadda mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su yi waya ko su ciri kuɗi. Na'urorinsu lafiya lau, rumbunan bankuna lafiya lau, hanya ce babu. Sannan a ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka yanke daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Abu ya faru a cikin teku, amma bankuna da layukan waya a Najeriya suka yi kwanaki suna tangal-tangal. Shi kansa rumbun yakan yi tuntuɓe. A watan Oktoba na 2025 wata cibiyar Amazon a jihar Bajiniya ta Amurka ta samu matsala na sa'o'i, manhajoji da na'urorin gida masu yawa a ƙasashe daban-daban suka tsaya cak. To in a Amurka hakan na faruwa, kar wani ya zo ya ce maka na'ura ba ta kuskure.

BVAS DA IReV

Yanzu mu zo kan abin da ya tara mu. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara gwada shafin duba sakamako na IReV a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a watan Agusta 2020. Na'urar BVAS kuma an fara aiki da ita a zaɓen cike gurbi na Isoko ta Kudu a jihar Delta a Satumba 2021, sannan zaɓen gwamnan Anambra a Nuwamba na shekarar. A ranar 25 ga Fabrairu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan shiyya tamu ta Daura, ya sa hannu a dokar zaɓen da ta ba tantancewa da na'ura ƙarfin doka. A zaɓen 2023 akwai rumfunan zaɓe 176,846 a faɗin ƙasar nan. Ku ƙiyasta, na'urori sama da dubu ɗari da saba'in, a yini ɗaya, duk suna aika saƙo rumbu ɗaya. Irin wannan aiki ne ya sa ake buƙatar gajimare, kuma shaidar da aka gabatar a kotun zaɓen shugaban ƙasa ta nuna cewa a rumbun Amazon aka ajiye IReV.

BVAS aiki biyu take yi, kuma dan Allah ku bambance su, don nan ne ake yawan ruɗa ejan.

Aiki na farko tantance mai zaɓe, da yatsa ko da fuska. Wannan ba ya buƙatar sabis. An riga an zuba rajistar masu zaɓen wannan rumfa a cikin na'urar tun kafin a fito da ita, saboda haka a cikin cikinta take dubawa, a cikin cikinta take ƙirga mutum nawa ta tantance. Ko a ƙauyukanmu na bakin iyaka, inda wani lokaci sabis ɗin Nijar ke rinjayar namu, tantancewa za ta yiwu. Duk wanda ya ce maka a ajiye na'ura a yi zaɓe ba tantancewa saboda babu netwok, ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana da wata manufa.

Aiki na biyu shi ne bayan an ƙirga ƙuri'a, an cike takardar sakamako ta EC8A, malamin zaɓe ya sa hannu ya buga hatimi, ejan-ejan sun sa hannu. Sai a ɗauki hoton takardar da BVAS a tura shi IReV, inda kowa zai iya gani. Wannan shi ke buƙatar sabis. In babu, hoton yana zaune a cikin na'urar har a kai inda sabis yake, sannan ya tafi. Haka ma adadin waɗanda aka tantance, sai na'ura ta samu hanya take aika shi rumbun hukuma.

Abu biyu sun faru da ya kamata kowane ejan ya haddace.

Na farko jihar Osun. An yi zaɓen gwamna ranar 16 ga Yuli 2022, aka ce Ademola Adeleke ya ci. Gboyega Oyetola ya tafi kotu da rahoton da aka ciro masa daga rumbun hukumar zaɓe, yana cewa a ɗaruruwan rumfuna ƙuri'un da aka kaɗa sun fi yawan mutanen da aka tantance. A dokar 2022 kuwa, in hakan ta tabbata a rumfa, soke sakamakonta ake yi. Kotun farko ta yarda da shi a watan Janairu 2023. Sai hukumar zaɓe da ɓangaren Adeleke suka ce ai lokacin da aka ciro wancan rahoto ba dukan na'urori suka gama aika bayanansu ba, wato littafin maigida bai gama cika ba aka kwafe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, kuma ranar 9 ga Mayu 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Adeleke, ta ce in za a kafa hujjar aringizon ƙuri'a, to abin da ke cikin na'urar kanta da rajistar masu zaɓe da takardar sakamako su ne abin dubawa, rahoton rumbu shi kaɗai bai wadatar ba. Kun ga kujerar gwamna sukutum ta yi watanni tana lilo a kan tazarar da ke tsakanin na'ura da gajimare.

Na biyu ranar 25 ga Fabrairu 2023. Duk muna nan, mun gani. Sakamakon sanatoci da na 'yan majalisar wakilai yana shiga IReV, na shugaban ƙasa ya ƙi shiga. A rahoton da INEC ta fitar a Fabrairu 2024 ta ce matsalar daga tsarin manhajar rumbun take. An tsara shi yana jera kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha ɗaya ba ne, sai manhajar ta rasa aljihun da za ta saka shi, ta riƙa mayar da saƙon. A cewar hukumar, sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta shiga. Wasu sun karɓi wannan bayani, wasu har gobe ba su karɓa ba, kuma ban tsaya nan don in raba wannan gardama ba. Abin da ya shafe mu shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 26 ga Oktoba 2023, cewa IReV wurin duba sakamako ne, ba wurin tattara shi ba, kuma rashin tura hoto bai isa ya rushe zaɓe ba. Ma'ana, da aka je gaban alƙali, takardar da aka sa wa hannu a rumfa ita ce ta yi magana.

Kar ku fahimce ni a baibai. Ban ce gajimaren ba shi da amfani ba. Kafin zuwansa, abin da ya faru a rumfa sai wanda ke wurin ya sani, kuma tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako lambobi kan canza kama a hanya. Yanzu in hoton ya shiga, mutumin Legas da na Landan da na Sonkaya duk abu ɗaya suke gani, kuma canza shi a ɓoye ya yi wuya. Wannan ci gaba ne babba, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa kare shi. Amma gajimare abin da aka aika masa yake ajiyewa. In an ɗauki hoton takardar da aka yi wa kwaskwarima, ita zai nuna wa duniya. In an ɗauki hoto dishi-dishi, haka zai zauna. Bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba. Mutumin da ke tsaye a rumfa shi ne ya sani.

ABIN DA MUKE NEMA DAGA EJAN

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga aikin da ke gabanmu, ko wace irin kwaskwarima aka yi wa dokar zaɓe.

1. Tun kafin zaɓe, shugaban matasa na kowace mazaɓa ya zagaya rumfunansa da waya. Ya rubuta wace rumfa ke da sabis, na wane kamfani, wace ce babu, kuma ina ne wuri mafi kusa da ake samu. Mu haɗa wannan jeri mu kai wa ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma a rubuce, mu riƙe kwafi.

2. Da safe kafin a fara, ejan ya nemi a nuna masa fuskar BVAS ya ga adadin tantancewa yana kan sifili.

3. Da an rufe layi, ya duba adadin da na'ura ta tantance, ya rubuta a takardarsa, ya tabbatar shi aka rubuta a EC8A. Jimillar ƙuri'u kada ta wuce wannan adadi. Darasin Osun ke nan.

4. Kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, kada kuma ya tafi bai karɓi kwafinsa ba. Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, a fili, lambobi na karantuwa. Ya zo da waya cike da caji, in da hali da fawa bank.

5. Ya tsaya a ɗauki hoton da BVAS a gabansa. In an ce babu sabis, ba abin faɗa ba ne, ba abin zagin malamin zaɓe ba ne, yawancinsu 'yan bautar ƙasa ne baƙi a cikinmu. Ya raka akwati da na'ura zuwa wurin tattara sakamako na mazaɓa.

6. Mu kafa 'yan matasa masu ilimin kwamfuta a nan Mashi, aikinsu a daren zaɓe shi ne buɗe IReV suna gwada abin da ya shiga da hotunan da ejan-ejan suka turo. Inda aka ga bambanci a rubuta lambar rumfa da lokaci, a miƙa wa lauyoyi. Hujja ake tarawa, ba a zuwa Facebook a yi ta ihu.

BAYAN ZAƁE FA?

Iyayena da 'yan uwana, wannan magana ba ta ƙare a akwatin zaɓe ba. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, na kowace jam'iyya, mu tambaye shi maganar sabis da wuta a ƙauyukanmu kamar yadda muke tambayar taki da hanya. Ƙauyen da ba sabis, mai POS ba zai zauna ba, manomi ba zai ga farashin kasuwa a wayarsa ba, sakamakon rumfarsa kuma shi ne na ƙarshen shiga. Ƙarfen sabis kansa da wuta yake aiki, in ba dizal ko sola ya mutu.

Mu kuma tambayi inda ake ajiye bayananmu. Yatsunmu da fuskokinmu suna hannun hukumar zaɓe, suna wurin masu NIN, suna wurin bankuna. A watan Yuni 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ba ɗan ƙasa haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa. Hayar rumbunan ƙasashen waje kuma galibi da dala ake lissafa ta, in naira ta faɗi kuɗin ya hau. Shi ya sa gina irin waɗannan rumbuna a cikin gida, har da nan Arewa, magana ce da ta cancanci wakilanmu su riƙa ɗaga ta a majalisa.

Ku kuma matasa, wannan fanni aiki ne. Na'urorin nan suna buƙatar mai girkawa, mai gyara, mai kula da rumbu. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, ga ta Hassan Usman a Katsina, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 don koyar da irin waɗannan sana'o'i. Wayar da muke ƙona data a kanta muna zagin juna saboda 'yan siyasa, ita ce dai wadda wani yaro ke koyon sana'a da ita. Ina roƙon dattawanmu da masu hali a cikinmu, wanda zai iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a wannan karatu ya yi, ya fi rabon kuɗin shan shayi ranar gangami.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ejan da ya san wane aiki na'ura ke yi da kanta, wane ne sai da sabis, wane ne kuma ke can rumbu, ba mai ruɗa shi da turanci a rumfar zaɓe. Kowa ya koma mazaɓarsa ya zaunar da ejan-ejansa ya maimaita musu abubuwa shidan nan, jerin rumfunan da ba sabis kuma muna son ya iso hannun sakatare kafin zama na gaba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Mashi da jihar Katsina da Najeriya baki ɗaya. Allah ya kawo mana ƙarshen matsalar tsaro, ya ba mu damina mai albarka, ya zaɓa mana shugabanni masu tausayinmu.